Tambaya da Amsa: Kama Teburi a Gidajen Abincin Bakin Tekun Ayilan

Wasiƙun wannan fitowar sun taru a kan abu guda: cin abinci a ƙauyukan bakin teku na ƙasar Ayilan. Yawancinsu daga ɗalibai ne da ma'aikata mazauna can, sai masu shirin kai ziyara. Mun taƙaita tambayoyin, mun haɗe waɗanda suka yi kama da juna.

Iyayena za su zo a watan Yuli, ina so in kai su gaɓar tekun Clare mu ci kifi. Abokaina sun ce a ƙauye ba a kama teburi, shiga kawai ake yi. Haka ne? (Wani ɗalibi a Galway)

Ɗan'uwa, maganar abokanka gaskiya ce a watan Fabrairu, amma ba a Yuli ba. Tun da aka buɗe hanyar yawon buɗe ido ta Wild Atlantic Way a 2014, wadda ta bi gaɓar yamma kusan kilomita 2,500 daga Inishowen a Donegal har Kinsale a Cork, ƙauyen da mazaunansa ba su wuce ɗaruruwa ba yakan cika maƙil da baƙi a Yuli da Agusta. Baƙi sun ƙaru, ɗakunan kuwa suna nan yadda suke. Da yawa daga wuraren nan tsofaffin gidaje ne masu teburi goma ko goma sha biyar, kicin ɗinsu kuma ba ya ɗaukar fiye da kuku biyu ko uku.

Wuraren iri uku ne, kuma sanin irin wanda za ka je shi ne rabin aikin. Akwai gidan abinci zalla, wanda kusan ba a samun wuri da dare sai an kama. Akwai mashaya mai ɗakin cin abinci daban: ana kama teburin ɗakin, amma teburan da ke kusa da kanta na wanda ya riga zuwa ne. Sai kuma wuraren da ba sa karɓar kamu sam, kowa ya zo ya jira. A ƙauyen Ayilan mashaya ita ce wurin haɗuwar jama'a, sau da yawa kuma ita kaɗai ce ke dafa abincin dare a garin, shi ya sa sunanta ke yawan fitowa a wannan shafi.

A hanyar da za ku bi daga Galway akwai Moran's a Kilcolgan, gida mai rufin ciyawa da ya shahara da kawa, sai Linnane's a New Quay, da Monks a Ballyvaughan, da Vaughan's a Liscannor kusa da duwatsun Moher, dogayen duwatsun bakin teku da baƙi ke zuwa kallo. Ka kira kowanne ka ji tsarinsa na bana, domin tsari na sauyawa daga shekara zuwa shekara. Idan Juma'a ko Asabar da dare kake so, kama tun da saura mako ɗaya ko biyu. Tsakiyar mako, kwana uku sun isa. Idan kuwa wurin ba ya karɓar kamu, ku isa ƙarfe 12 na rana daidai lokacin buɗe kicin, ko tsakanin 5 da 5:30 na yamma. Daga ƙarfe 7 sai dai jira, ga dattawa a tsaye.

Ka kuma lura da ranakun hutun ƙasa, irin su Litinin ta farko a Mayu da Yuni da Agusta, da Litinin ta ƙarshe a Oktoba. Ƙarshen makon da ya haɗu da su, 'yan ƙasar da kansu ke kwararowa bakin teku.

Na duba shafin wani gidan abinci a intanet, ya nuna babu wuri duk makon. In haƙura? (Wata ma'aikaciyar jinya a Cork)

Kada ki haƙura, Malama, ɗauki waya. Manhajojin kamu irin su OpenTable da ResDiary suna nuna teburan da mai gidan ya saka musu ne kaɗai. Yawancin ƙananan wurare sukan riƙe wasu a hannu saboda mutanen gari da masu kwana a ɗakunansu na sama, kuma wanda ya fasa zuwa ta waya ba lallai a mayar da teburinsa kan manhaja nan take ba. Wani lokacin ma adadin da kika saka ne matsalar: manhajar ba ta ganin teburin mutum biyar, alhali mai gidan zai iya haɗa na huɗu da kujera ɗaya.

Lokacin kira shi ne tsakanin ƙarfe 3 da 5 na yamma, bayan an sallami masu cin rana, kafin na dare su fara shigowa. Kiran ƙarfe 7 sau da yawa ba mai ɗauka. Idan daga wajen ƙasar ake kira, a sa +353 a cire sifilin farko na lambar. Saƙon Facebook ko Instagram yana iya kwana uku ba a buɗe ba, don haka kada a ɗauka an kama wuri sai an ga amsa.

Ki faɗi rana da kwanan wata tare, don kada a yi kuskure, sai lokaci, da adadin mutane har da jarirai, domin keken jariri ma wuri yake ci. Ki ba da lambar wayar da za ta kasance a hannunki ranar. Sannan ki yi tambaya uku: ƙarfe nawa kicin ke daina karɓar oda, minti nawa za a riƙe miki teburin idan kin makara, kuma ƙarfe nawa ake son ki tashi. A bazara da yawa suna zaunar da mutane sau biyu a dare ɗaya, misali ƙarfe 6 da 8:15, wanda ya kama na farko kuwa awa ɗaya da rabi zuwa awa biyu yake da su. Idan an ce babu, ki nemi a sa sunanki a jerin masu jira, ki kuma ce za ki karɓi 5:30 ko 8:45. Waɗannan su ne lokutan da suka fi saurin buɗewa.

Mun isa wata mashaya a Kerry ƙarfe 9:15 na dare a watan Yuni, rana ko faɗuwa ba ta yi ba, wurin cike da mutane, amma aka ce abinci ya ƙare. Wannan ba wulaƙanci ba ne? (Wani magidanci a Limerick)

Ba wulaƙanci ba ne, Malam, agogo biyu ne a gida ɗaya. Doka ta yarda mashaya ta yi ciniki har 11:30 na dare daga Litinin zuwa Alhamis, 12:30 a Juma'a da Asabar, ƙarfe 11 ranar Lahadi. Kicin kuwa nasa lokacin daban: a ƙauye yawanci 8:30 ko 9 ake karɓar odar ƙarshe, wasu ma ƙarfe 8 ranar Lahadi. Da zarar an kashe tukunyar suya an fara wanke-wanke, babu mai sake kunna ta. Hasken rana ne ya yaudare ku, domin a yammacin Ayilan a ƙarshen Yuni rana kan kai wajen ƙarfe 10 kafin ta faɗi. Wannan ya shafi mai son ya yi Magariba kafin ya ci abinci: a bazara ba zai yiwu ba. A ci tukuna, a yi salla daga baya idan lokacinta ya shiga.

Ba ma cin alade, ba ma shan giya. Mun ɗauka kifi ba shi da matsala, sai aka ce mana mu yi hattara. Me za mu tambaya? (Wata uwargida a Dublin)

Hajiya, wanda ya ja hankalinku ya kyauta, kuma wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a cikin wasiƙun nan. Kifin kansa ba shi da laifi, abin da ake haɗa shi da shi ne abin dubawa.

A fara da miyar kifi mai kirim da ake kira chowder, wadda kusan babu gidan abincin bakin teku da ba ya yin ta. Kuku da yawa sukan fara ta ne da soya guntayen naman alade tare da albasa, wasu kuma su zuba farar giyar inabi kafin romon kifi. Ba kowa ke yin haka ba, kuma takardar abinci ba ta cika faɗa ba. Miyar ana dafa ta tun safe a tukunya guda, saboda haka ba a iya cire komai daga cikinta. Ko dai babu alade da giya a cikinta, ko dai a bar ta. Burodin alkama mai ruwan ƙasa da ke rakiyarta yawanci da nono da soda ake yin sa, amma wasu gidajen suna kwaɓa nasu da baƙar giyar Guinness. Idan ya yi duhu sosai yana ɗan zaƙi, a tambaya.

Soyayyen kifi da dankali shi ma haka. Ƙullun da ake tsoma kifin a ciki sau da yawa da giya ake dama shi, don kumfarta ce ke sa ya yi ƙaras-ƙaras. Mafita mai sauƙi ce: a nemi a gasa kifin ko a soya shi a kasko da bota, ba ƙullu. Kusan kowane kicin zai yi hakan idan ba a tsakiyar cunkoso aka nema ba. Sai man suya: a tambaya ko man kayan lambu ne ko kitsen dabba, kuma ko tukunyar da ake soya dankali ita ce ake soya tsiran alade da kaza a ciki. Ƙaramin kicin tukunya biyu gare shi, wani ma ɗaya.

Ƙananan kawa masu baƙin ɓawo da ake kira mussels, a farar giya ko giyar tuffa aka saba turara su. Su kam sai an yi oda ake ɗora su, minti biyar sun nuna, don haka ana iya cewa a yi su da tafarnuwa da kirim kaɗai. Scallops, wato farar tsokar da ke cikin ɓawo mai faɗi, an fi kawo su a kan black pudding, wanda tsiran jini ne, ko da naman alade a gefe. A ce a cire tun kafin a ɗora kasko, ba bayan an soya su tare ba. A kayan zaƙi kuma a kula da wiski da Baileys, wata giya mai kirim, da jelatin da ake sa wa wasu kek masu sanyi, wato sinadarin daskararwa da ake samu daga fata da ƙashin dabba.

Dokar ƙasar tana taimakawa, amma rabi. Tun Disamba 2014 wajibi ne kowane wurin sayar da abinci ya rubuta abubuwa 14 masu tayar wa wasu mutane da ciwo, irin su kifi, madara, ƙwai, gyaɗa, alkama da jatan lande, shi ya sa za ki ga lambobi a gefen kowane abinci. Alade da giya ba sa cikin 14 ɗin. Kada a dogara da lambobin, a tambaya da baki. Kuma a ambaci abubuwan da sunansu ɗaya bayan ɗaya: naman alade, kitsensa, romon nama, giya. Cewa "halal muke so" kaɗai na iya sa ma'aikaciyar ƙauye ta amsa da kyakkyawar niyya ba tare da ta san iyakar abin ba. Matambayi ba ya ɓata, kuma mutanen nan sun saba da masu sharaɗi a abinci, ba sa jin haushi. Mafi kyau a faɗa tun lokacin kama teburin, a maimaita wa wanda ya zo karɓar oda.

Abin da ya fi kwanciyar hankali: kifin ranar a gashe, ƙaguwa da bota da tafarnuwa, lobsta (mai kama da ƙaton jatan lande), kifin salmon mai hayaƙi, dafaffen dankali da ganye. Naman sa da na rago na ƙauye kuwa a ɗauka ba yankan Musulunci ba ne sai an tabbatar.

Wasu sun haɗa da tambayar ko ya halatta a zauna a wurin da ake sayar da giya. Hukuncin wannan na malamai ne. Abin da za mu iya faɗa shi ne yadda wuraren suke: kusan kowane gidan abinci na dare yana sayar da giyar inabi, mashaya da yawa kuma ɗakin cin abincinsu a ware yake daga kanta, wani har da ƙofarsa daban. Wanda bai natsu da ko ɗaya ba, akwai rumfunan kifi na bakin tashar jiragen ruwa, kamar a Killybegs ta Donegal, tashar kamun kifi mafi girma a ƙasar, inda ake saya a ci a waje. A nan babu kamu, layi ake bi, tambayar ƙullu da mai kuma tana nan.

Muna da yara uku, babban shekararsa 12. Za a bar su su shiga?

Za a bar su, tare da iyaye, har ƙarfe 9 na dare, ko ƙarfe 10 daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba. Wannan doka ce a kan mashaya, ba son ran mai gida ba, ko da yake yana da ikon ya sa nasa lokacin ƙasa da haka. Ku kama ƙarfe 6 ko 6:30. Matashi ɗan shekara 18 zuwa 20 ya riƙe shaidar shekarunsa idan zai wuce lokacin. Hayaƙin taba ba abin damuwa ba ne, an hana sha a ciki tun Maris 2004. Karnuka ne wasu wuraren ke bari a shigo da su ɓangaren kanta, don haka wanda ba ya son kare kusa da shi ya faɗa a ba shi teburi a ɗaya ɗakin.

An nemi lambar katina kafin a ba ni teburi a Kinsale. Me ya sa, kuma me zai faru idan na makara? (Wani injiniya a Waterford)

Saboda masu kama wuri su ƙi zuwa. A gidan da ke da kujera 30, teburin mutum shida da ya tashi a banza kashi ɗaya cikin biyar ne na zaman, ga kifin da aka saya da safe dominsu ba ya kwana biyu. Wasu suna riƙe lambar katin kaɗai, su ciri tara idan ba a zo ba. Wasu kuma kafin alƙalami suke karɓa a kan kowane mutum, a cire shi daga lissafi ranar. Wa'adin fasawa yawanci awa 24 ko 48 ne, yana rubuce a saƙon da za a turo maka, ka karanta shi. Gidajen da ke da tauraron Michelin, lambar yabo da ake ba fitattun gidajen abinci, sun fi tsanani: Bastion a Kinsale, Chestnut a Ballydehob wanda tsohuwar mashaya ce mai kujera 18, da Dede a Baltimore, na kuku Ahmet Dede ɗan asalin Turkiyya, wanda ya sami tauraro na biyu a 2023. Waɗannan da saura wata ɗaya ko biyu ake nemansu, abincinsu jeri ne tsararre da ya haura yuro 100 a kan mutum, kuma duk wani sharaɗi sai an faɗe shi kwanaki kafin zuwa.

Makara kuwa, minti 15 aka fi riƙe teburi. Abin da ke jawo ta shi ne hanya. Ana tuƙi ta hannun hagu, hanyoyin gaɓa ƙunci gare su, ga katangar dutse dama da hagu, ga tarakta, ga tumaki, ga manyan motocin 'yan yawon buɗe ido. Tun 7 ga Fabrairu 2025 iyakar gudu a ƙananan hanyoyin karkara, masu harafin L, ta sauko daga kilomita 80 zuwa 60 a awa. Duk lokacin da taswirar waya ta ba ka, ƙara masa kashi ɗaya cikin huɗu. Ka nemi Eircode na wurin, lambar nan mai haruffa da alƙaluma bakwai da kowane adireshi ke da tasa, ka saka ta a taswira maimakon sunan ƙauyen, domin sunaye na maimaituwa, a yankunan masu yaren Ayilan kamar yammacin Dingle kuma allunan hanya da yaren suke. Sabis na waya yana ɗaukewa a tsakanin duwatsu. Idan ka ga za ka makara, kira tun kana inda akwai sabis, kada ka bari sai ka kusa.

A hutun Disamba kaɗai nake da sarari. Wuraren suna buɗe?

Wasu. Daga Nuwamba zuwa wajen bikin Saint Patrick na 17 ga Maris, da yawa sukan rufe ɗungurungum, wasu su koma Alhamis zuwa Lahadi, wasu su bar mashaya a buɗe su rufe kicin. Lokutan da Google ke nunawa sau da yawa na bazara ne ba a gyara ba, saboda haka kiran hunturu ba don neman wuri ba ne, don a tabbatar akwai wuta a murhu ne. Ranar Kirsimeti a rufe kusan ko'ina yake. Garuruwa masu ɗan girma irin Kinsale, Dingle, Westport da Clifden sun fi tabbas. Rana na faɗuwa jim kaɗan bayan ƙarfe 4, don haka abincin rana ya fi dacewa da na dare. A duba gargaɗin hukumar yanayi ta Met Éireann: idan ya kai mataki mai launin ruwan lemo ko ja, jiragen kamun kifi ba sa fita, kifin ranar yakan yi ƙaranci, jiragen fito zuwa tsibirai kuma a soke su. Ribar hunturu ita ce kawar asali ta ƙasar, mai faffaɗan ɓawo, wadda lokacinta Satumba zuwa Afrilu ne. Ɗaya nau'in, mai dogon ɓawo, ana samun sa duk shekara.

Mu 14 ne, ba mu da mota, daga Galway za mu je Doolin. Yaya za mu yi, kuma nawa ake ba da tukwici? (Wata ƙungiyar ɗalibai)

Manhaja ba ta karɓar wannan adadin, yawanci a shida ko takwas take tsayawa. Mutum ɗaya ya kira da saura mako uku zuwa huɗu, ya zama shi ne wakili. Za a iya raba ku teburi biyu, a ba ku taƙaitaccen jerin abinci, ko a ce kowa ya zaɓi nasa a turo kwana biyu kafin ranar. Ku yarda da hakan, domin kicin mai kuku biyu ba zai iya fitar da faranti 14 iri-iri a lokaci guda da zafinsu ba. Wakilin ya rubuta wa ya zaɓi me, ya zo da takardar, don mantuwa a nan take aukuwa. Ku yi tanadin yuro 20 zuwa 30 na babban faranti a kan mutum. Lobsta da nauyi ake sayar da ita, a tambayi kuɗinta kafin a ce a kawo. Farashin da ke rubuce ya haɗa da haraji, ruwan famfo kyauta ne idan an nema. Ba kowane wuri ke yarda a raba lissafi kashi 14 ba, ku haɗa kuɗin a hannun mutum ɗaya.

Tukwici ba dole ba ne, amma kashi 10 cikin 100 aka saba idan an yi muku hidima a teburi. Ku duba takardar lissafi tukuna: taro mai yawa akan ƙara masa kuɗin hidima, idan an ƙara ba sai kun sake bayarwa ba. Tun 1 ga Disamba 2022 doka ta ce duk abin da aka kira kuɗin hidima na ma'aikata ne, kuma dole wurin ya bayyana yadda yake raba tukwici.

Mota kuwa, bas mai lamba 350 ta Bus Éireann tana bi ta Kinvara da Ballyvaughan zuwa Doolin. Ku fara duba lokacin bas ta ƙarshe mai komawa, sannan ku zaɓi lokacin teburi, ba akasin haka ba. Tasi a ƙauye ɗaya ce ko biyu, ba a tare ta a titi, kuma babu wadda za ta kwashe mutum 14. Idan abincin dare kuke so da kiɗan gargajiyar da Doolin ta shahara da shi, wanda yawanci sai wajen ƙarfe 9 ake farawa, ku kama masauki a garin tare da teburin, ko ku yi hayar ƙaramar bas da direbanta tun daga Galway.